Kirfa, Hulba da Zogale: Matsayin Kayan Ƙarin Abinci Wajen Kula da Ciwon Suga

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin Kano ko Zariya ko Maraɗi, ko ya tsaya jiran mota a tasha, ba zai rasa jin amon lasifikar masu tallar magani ba. Cikin cututtukan da suka fi ambata akwai ciwon suga. Wani ya ɗaga ƙullin gari, wani kwalbar tsimi, wani kuma kafso cikin kwali mai ƙyalli da aka shigo da shi daga waje, kowa yana cewa nasa ne ke raba mutum da suga har abada. Yanzu tallar ta kai har gidajen rediyo da wayoyin hannu. Majinyacin da ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, ga kuma tsadar magani, ba abin mamaki ba ne idan ya saurara.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne ke ɗauke da wannan ciwo, wato kusan mutum ɗaya cikin tara. A ƙiyasinta na 2021, Afirka kudu da Hamada tana da kimanin mutum miliyan 24, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Saboda haka da wuya a sami ɗalibin da ba shi da kaka ko kawu ko maƙwabci mai fama da shi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da bincike ya gano game da kayan ƙarin abinci da ake sha don rage suga, da inda amfaninsu ya tsaya, da kuma haɗarin da ke tattare da su.

Yadda Jiki Yake Sarrafa Suga

Tuwo da shinkafa da fura da burodi da doya duk abinci ne masu sitaci. Idan aka ci su, hanji yakan narkar da sitacin ya koma wani nau'in suga da ake kira gulukos, wanda shi ne makamashin jiki. Jini ne ke ɗaukar sa ya rarraba wa gaɓoɓi. Abin sha'awa shi ne, duk gulukos ɗin da ke yawo cikin jinin baligi mai lafiya bai wuce kimanin giram 4 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi guda. Jiki yana tsare wannan ma'auni dare da rana.

Babban mai tsaron shi ne wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi, da likitoci ke kira fankiriyas, take samarwa. Aikinsa kamar na mabuɗi ne: shi ke buɗe wa gulukos ƙofa ya shiga tsoka da kitse, kuma shi ke umartar hanta ta rage zuba suga cikin jini. A nau'i na farko na ciwon, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki yakan daina yin insulin kusan ɗungurum, don haka rayuwar majinyaci ta dogara ga allurarsa. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tace insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaran da suka kamu da wannan nau'i ba su cika daɗewa a duniya ba. A nau'i na biyu, wanda ya haura kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, insulin yana nan, amma jiki ba ya jin umarninsa sosai, kuma da tafiya ta yi nisa yawansa yakan ragu.

Ana tabbatar da ciwon ne ta gwajin jini. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka auna aka sami 7.0 a ma'aunin milimol, wanda ya yi daidai da 126 a ma'aunin miligiram, ko fiye da haka, kuma aka maimaita aka sake samu, to ciwon ya tabbata. Akwai wani gwaji da ake kira HbA1c, wanda ke auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini. Da yake waɗannan ƙwayoyi kan rayu kimanin kwana 120, gwajin yana nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Wannan gwaji shi ne alƙalin da masana suka fi dogara da shi wajen gane ko magani yana aiki. Idan suga ya daɗe a sama, yakan lalata ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, ya kuma jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ɓarnar tana tafiya a ɓoye shekara da shekaru, sau da yawa ba tare da mutum ya ji wani zafi ba.

Bambancin Magani da Ƙarin Abinci

Kayan ƙarin abinci su ne bitamin da ma'adinai da garin tsirrai da mayukansu, waɗanda ake sha a matsayin ƙwaya ko kafso ko shayi, ƙari a kan abincin yau da kullum. Bambancinsu da maganin asibiti ba a siffa yake ba, a hanyar da kowanne ya bi kafin ya shiga kasuwa yake. Maganin asibiti sai an gwada shi a kan ɗaruruwa ko dubban majinyata, an san yawan da za a sha, an kuma san illarsa. A Amurka, inda da yawa daga cikin waɗannan kafso suke fitowa, dokar 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya tabbatar kayansa suna aiki kafin ya sayar ba. A Nijeriya, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 tana yi wa magungunan gargajiya rajista ta wucin gadi bayan ta duba cewa ba su da guba, amma wannan lamba ba shaida ba ce cewa suna warkar da ciwon da aka rubuta a jikin kwalin.

Wannan ba ya nufin kimiyya ta raina tsirrai. Metfomin, maganin da aka fi ba masu nau'i na biyu a duniya, asalinsa yana komawa ga wani tsiro na Turai mai suna Galega officinalis, wanda masu maganin gargajiya na can suka daɗe suna amfani da shi. Sai dai sinadaran tsiron suna da guba. Masana sun yi shekaru suna neman danginsu marasa cutarwa, har wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada metfomin a kan majinyata a 1957. Darasin shi ne, tsiro yana iya ƙunsar magani, amma gwaji ne ke raba maganin da dafin.

Yadda Ake Gane Gaskiyar Magani

Suga yana hawa yana sauka a kowace rana bisa ga abin da aka ci da motsin da aka yi. Mutumin da ya fara shan wani gari, sau da yawa a lokacin ne yake rage tuwo da lemon kwalba, sa'an nan idan ya ga sauƙi ya ce garin ne. Don kauce wa wannan ruɗu, masu bincike sukan raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A ba kashi ɗaya abin da ake gwadawa, a ba ɗaya kashin ƙwaya mai kama da shi wadda ba ta ɗauke da komai, ba tare da majinyaci ko likita ya san wanda ya sami wanne ba. Bayan watanni sai a kwatanta. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye mataki ne na farko kawai, domin abubuwa da yawa da suka yi aiki a jikin ɓera sun kasa a jikin ɗan Adam.

Kayan Ƙamshi da Tsirrai

Kirfa ta yi suna ne bayan wani bincike da aka buga a 2003, wanda aka yi a ƙasar Pakistan a kan mutum 60. An ba su giram 1 zuwa 6 a kullum har kwana 40, aka ga sugansu na safe ya sauka da kashi 18 zuwa 29 cikin 100. Labarin ya bazu ko'ina. Amma a 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace sakamakon bincike, ta tattara gwaje-gwaje 10 da suka ƙunshi mutum 577, ta ce babu isasshiyar hujja cewa kirfa tana kyautata ciwon. Binciken da suka biyo baya sun saɓa wa juna. Bugu da ƙari, kirfar da ta fi yawa a kasuwa, wadda ake nomawa a Sin da Indunusiya da Biyetnam, tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda ke iya taɓa hanta idan aka yawaita. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade kada a wuce miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, kuma cokalin shayi guda na irin wannan kirfa yana iya haura wannan iyaka. Barbaɗa ta a shayi ko kunu ba laifi, amma shan ta cokali-cokali kullum wani abu ne daban.

Hulba tana da wani ɓawo mai yauƙi wanda ke jinkirta shigar suga daga hanji zuwa jini. Ƙananan gwaje-gwaje, yawancinsu a Indiya da Iran, sun nuna tana rage suga kaɗan idan aka sha giram da dama a rana. Takan kawo kumburin ciki da gudawa, tana iya ƙara ƙarfin maganin tsinka jini irin su wafarin, kuma ba a so mai juna biyu ta sha ta da yawa.

Habbatus sauda tana da daraja ta musamman a gidajen Musulmi, kuma an yi gwaje-gwaje a kanta a Saudiyya da Iran. An ga raguwar suga daidai gwargwado, amma abin lura shi ne, a mafi yawan gwajin an ba da ita ne tare da maganin asibiti, ba a madadinsa ba.

Zogale da shuwaka ganyaye ne masu amfani ƙwarai a matsayin abinci. Jami'o'in Nijeriya sun yi bincike mai yawa a kansu, amma galibinsa a kan ɓeraye ne, kuma 'yan gwaje-gwajen da aka yi da zogale a kan mutane ƙanana ne, sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi farantin shinkafa dacewa da mai ciwon suga, amma wannan ba ya mai da kafson zogale magani. Haka nan wani ɗan'uwan garahuni da ake ci a Asiya, wanda aka fi yi wa bincike cikin danginsa: ƙungiyar Cochrane ta duba gwaje-gwaje 4 a kansa a 2012 ba ta sami hujja mai ƙarfi ba. Ɗacin abu ba shi ne ke kashe zaƙin jini ba, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka haka. Ita kuwa kuɓewa da ake jiƙawa a sha ruwanta, wani gwaji a kan ɓeraye ya nuna yauƙinta yana rage shigar metfomin cikin jini, abin da ya isa ya sa mai shan maganin ya yi hattara.

Akwai kuma barbarin, wani sinadari rawaya da ake tacewa daga saiwoyin wasu tsirrai na Asiya. Gwaje-gwaje a ƙasar Sin sun nuna yana rage suga sosai, amma da yawansu gajeru ne. Yana hana hanta sarrafa wasu magunguna yadda ya kamata, kuma haɗari ne ga mai ciki da mai shayarwa da jariri.

Bitamin da Ma'adinai

Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: ƙari yana amfani ne ga wanda yake da rashi. Tulun da ya cika, ƙara masa ruwa asara ce.

Bitamin B12 shi ne misali mafi muhimmanci. Shan metfomin na shekaru yana iya rage shigar wannan bitamin cikin jiki, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da jin ƙafa ta yi sanyi ko tana tsira kamar ana soka allura. Da yake ciwon suga kansa yana kawo irin wannan alama, sai a rikita su. Shi ya sa ake ba da shawarar a riƙa auna shi lokaci-lokaci ga wanda ya daɗe a kan metfomin. A nan ƙarin yana da amfani na gaske, ko da yake ba suga yake ragewa ba.

An gwada bitamin D a Amurka a kan mutum 2,423 da ke gab da kamuwa da ciwon, aka buga sakamakon a 2019. Bambancin da aka samu tsakanin masu shan sa da marasa sha bai kai yadda za a kafa hujja da shi ba. Da aka haɗa wannan da wasu manyan gwaje-gwaje biyu a 2023, an ga raguwar haɗarin kamuwa da kimanin kashi 15 cikin 100. Wannan batu ne na rigakafi ga masu gab da kamuwa, ba waraka ga wanda ya riga ya kamu ba.

Masu ciwon suga da yawa suna da ƙarancin magnisiyam, kuma cike giɓin yana iya taimakawa kaɗan. Ana samunsa a wake da gyaɗa da riɗi da gero da ganyaye. Wanda ƙodarsa ta raunana bai kamata ya sha ƙwayarsa ba sai da izinin likita, domin yakan taru cikin jini. Shi kuwa kuromiyam, an daɗe ana tallarsa, amma sakamakon gwaje-gwajensa ya saɓa wa juna. A dunƙule, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, wadda likitocin ƙasashe da yawa ke bin ƙa'idojinta, ba ta ba da shawarar shan bitamin ko ma'adinai ko tsirrai don rage suga ga wanda ba shi da wani rashi ba.

Haɗura Huɗu

Na farko kuma mafi muni shi ne barin maganin asibiti. Mai nau'i na farko da ya daina allurar insulin yana iya suma ya mutu cikin 'yan kwanaki. Mai nau'i na biyu yana iya jin garau na watanni, alhali ido da ƙoda suna lalacewa, har ranar da ƙaramin gyambo a yatsa zai kai ga yanke ƙafa.

Na biyu shi ne faɗuwar suga. Idan aka haɗa tsiro mai rage suga da insulin ko ƙwayar gilibenkilamid, suga yana iya sauka ƙasa da 3.9, wato 70 a ɗaya ma'aunin. Alamominsa su ne gumi da karkarwa da yunwa da bugun zuciya da rikicewar tunani. A ba mutum kimanin cokalin shayi uku na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Haɗarin yana ƙaruwa lokacin azumi, don haka ya kyautu a ga likita tun kafin Ramadan.

Na uku shi ne algus. Wasu 'yan kasuwa sukan zuba maganin asibiti a ɓoye cikin kayan da suke kira na tsirrai zalla. A 2008 an kwantar da mutum 150 a asibitocin Singafo bayan sugansu ya faɗi ƙwarai, alhali ba su da ciwon suga. Binciken ya danganta abin da magungunan ƙarfin maza da aka gauraya da gilibenkilamid, kuma mutum huɗu sun rasu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni 15 takardun gargaɗi a 2013, da wasu 10 a 2021, saboda sayar da kayan da suke iƙirarin suna maganin ciwon suga ba bisa ƙa'ida ba.

Na huɗu shi ne asarar dukiya. Kuɗin da magidanci ya zuba a kafso mai tsada, da shi zai sayi magani da tsinken gwaji da wake da ganye na wata guda.

Abin da Ya Tabbata Yana Aiki

A 2002 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci, da motsa jiki na minti 150 a mako, da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba metfomin kuwa ya ragu da kashi 31. Babu wani ƙarin abinci da ya taɓa nuna irin wannan tasiri.

A ƙasar Hausa ana iya aiwatar da wannan da abin da ke cikin rumbu. A rage girman malmalar tuwo a ƙara miyar ganye. A yawaita wake da kifi da ƙwai da kayan lambu. A fifita hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. A sha fura da kunu da zoɓo ba tare da suga ba, kuma daidai kima. A tuna cewa zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, dabino ma haka yake da zaƙi, don haka mai ciwon ya ƙirga su cikin abin da ya ci. Tafiyar rabin sa'a a ƙafa sau biyar a mako ta cika minti 150.

Wanda duk da haka yake son gwada wani ƙari, to ya sanar da likita ko mai harhaɗa magunguna, ya kai musu kwalin su gani. Kada ya daina maganinsa. Ya gwada abu ɗaya a lokaci guda, yana auna suga yana rubutawa. Ya guji duk abin da aka ce yana warkar da ciwon kwata-kwata, ko wanda ba a rubuta abin da ya ƙunsa ba. Masu ciki da yara da masu ciwon ƙoda ko hanta su nisanci irin wannan gwaji.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a ciwon suga ganin shi ne awon jini. Wasu tsirrai suna rage suga kaɗan, wasu bitamin suna cike giɓi na gaske, amma babu ɗaya cikinsu da ya isa ya maye gurbin insulin ko metfomin ko gyaran abinci. Ɗalibai suna da rawar takawa, domin sau da yawa su ne ke karanta wa iyaye abin da aka rubuta a kwali, su ne kuma za su iya riƙe littafin awo a gida. Malaman kimiyya kuwa za su iya amfani da ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, wadda ta dace da ranar haihuwar Banting, su sa ɗalibai su tattaro tallace-tallacen magani daga unguwanninsu, a zauna a aji a bi kowace talla da tambaya uku: a kan wa aka gwada, mutum nawa ne, kuma da me aka kwatanta.